Cinikin da ya fi tada ƙura ba shi ke kawo kofi ba

Duk ƙarshen watan Yuli ko farkon Agusta magoya bayan besbol a Amurka ba sa barci, saboda lokacin ne ake rufe kasuwar musayar ƴan wasa ta gasar MLB. Ga wanda ya saba da ƙwallon ƙafa abin zai ɗan ba shi mamaki, don a besbol ba a cika zube kuɗi a sayi ɗan wasa ba, musaya ake yi, ka ba ni gwaninka in ba ka yara matasa uku ko huɗu da nake reno. Kuma kafin a wayi gari ƴan jarida sun gama raba maki, wannan ya ci wancan ya faɗi. Ni dai wannan rabon maki na ranar farko ban yarda da shi ba sam.

Mu ɗauki cinikin Juan Soto. Ranar 2 ga Agustan 2022 Washington Nationals suka miƙa shi ga San Diego Padres yana da shekara 23, bayan ya ƙi tayin dala miliyan 440 na shekara 15. Padres suka karɓe shi tare da Josh Bell, suka ba da CJ Abrams da MacKenzie Gore da James Wood da Robert Hassell da Jarlin Susana da Luke Voit, wato kusan duk yaran da suke taƙama da su. Kwana ɗaya kafin nan kuma sun karɓo Josh Hader, mai jifan da ke rufe wasa, daga Milwaukee. A ranar kowa cewa yake A.J. Preller, babban manajan Padres mai ƙulla ciniki, ya gama da kowa.

To me aka samu? Gaskiya ba a tashi a tutar babu ba, Padres sun shiga zagayen fitar da gwani na 2022, sun fitar da Mets, sun fitar da Dodgers da suka ci wasa 111 a shekarar, abin da mutanen San Diego ba za su manta ba, amma Phillies suka tare su kafin World Series, wato karon ƙarshe na ɗaukar kofi. Shekarar 2023 ko zagayen fitar da gwani ba su shiga ba, a Disamba suka tura Soto Yankees, daga baya ya sa hannu da Mets kan dala miliyan 765. Su kuwa Abrams da Wood da Gore duk an zaɓe su wasan All-Star, wato wasan zaɓaɓɓun gwanayen shekara, sanye da rigar Washington. Sai masu rabon makin nan suka juya baki wai ai Nationals ne suka ci riba, alhali tun da suka ɗauki kofi a 2019 har zuwa 2025 ba su sake leƙa zagayen fitar da gwani ba, har Mike Rizzo, babban manajansu da ya ƙulla cinikin, aka sallame shi a Yulin 2025. Wace irin riba ce wannan da mai goyon baya ke sayen tikiti shekara da shekaru yana kallon ana lallasa kulob ɗinsa ana ce masa ya yi haƙuri yara na tasowa?

Abin da ya fi burge ni shi ne wanda Atlanta Braves suka yi a 2021. Tauraronsu Ronald Acuña ya ji ciwo a gwiwa a watan Yuli, shekararsa ta ƙare ke nan, kuma a lokacin wasannin da aka ci su sun fi waɗanda suka ci yawa. Alex Anthopoulos, babban manajan Braves, bai je neman babban suna ba, ya duba ya ga ramin a wajen masu tsaron bayan fili yake, sai ya cike shi da mutum huɗu a farashi mai rahusa, Joc Pederson daga Cubs, Adam Duvall daga Marlins, Jorge Soler daga Royals wanda bugunsa ya lalace a shekarar, da Eddie Rosario daga Cleveland wanda ma yana jinya aka kawo shi, kuma Pablo Sandoval da aka bayar a madadinsa nan take Cleveland suka sallame shi. Ba wanda ya kula, don hankalin kowa na kan Dodgers da suka kwaso Max Scherzer da Trea Turner. A Oktoba Braves ɗin nan suka fitar da Dodgers, Rosario ne gwarzon karon, sannan suka doke Astros a wasa shida a World Series, Soler ya zama gwarzonsa, kofinsu na farko ke nan tun 1995.

Wani zai ce sa'a ce, kuma akwai ƙamshin gaskiya, besbol a Oktoba wasa ne na sati uku zuwa huɗu, wanda hannunsa ya yi zafi shi ke tafiya da shi. Ai shi ya sa nake ganin ganganci ne ka kwashe yaranka kaf a kan mutum ɗaya, tunda ko shi ba ya ba ka tabbas. Duk da haka Preller na fi yafe wa a kan shugabannin Milwaukee, waɗanda suna saman rukuninsu suka sayar da Hader suna lissafin gobe, kulob ɗin ya sukurkuce, a ƙarshe ko zagayen fitar da gwani ba su samu shiga ba a 2022.