Ba a hana jariri mai PKU furotin gaba ɗaya

Wani labari ya ce maganin PKU, cutar gado da ke hana jiki sarrafa fenilalanin (ɗaya daga cikin amino asid, wato tubalan da ke haɗuwa su zama furotin), shi ne a daina ba yaro furotin kwata-kwata. A'a, wannan kuskure ne mai haɗari.

Matsalar tana cikin hanta. Enzayim ɗin (wato sinadarin da ke sarrafa wasu sinadarai a jiki) mai suna fenilalanin haidiroksiles, wanda ke mayar da fenilalanin zuwa wani amino asid mai suna tayirosin tare da taimakon sinadarin BH4, shi ne ba ya aiki yadda ya kamata. Sai fenilalanin ya taru a jini, ya tare ƙofar da sauran manyan amino asid ke bi su shiga ƙwaƙwalwa. Tayirosin kuma ya yi ƙaranci, shi ya sa gashi da fatar wasu yaran ke yin haske, ga wani wari kamar na ɓera a fitsari.

Amma jiki ba ya iya ƙera fenilalanin, dole sai ya samu daga abinci. Idan aka yanke shi gaba ɗaya, jiki zai fara narka tsokarsa, adadinsa a jini ya sake hawa. Aunawa ake yi, a riƙe shi tsakanin maikiromol 120 zuwa 360 a kowace lita ta jini, a cike gurbin da madara ta musamman. A kuma duba kwalaben lemo, domin aspatem, sinadarin zaƙi da ake sa wa wasunsu, na ɗauke da fenilalanin.