Giwa Ko Ɗan Tsohon da Ke Bayanta: Wa Za Ka Fara Bugu?

Shekara huɗu ke nan da na baro gida, kuma a cikin shekarun nan na yi hira da ƙanena a fagen yaƙin wasan kwamfuta na Age of Empires II fiye da yadda muka yi a waya. Daren Asabar muke haɗuwa, shi yana hamma saboda dare ya yi masa nisa, ni kuma a nan ko magariba ba ta daɗe da wucewa ba. A tsakiyar mako kuwa akwai wani abokin aikina, ɗan ƙasar da nake zaune, wanda ya ja ni cikin wani wasan yaƙin, XCOM 2, har na kamu. Mutum biyun nan ba su taɓa ganin juna ba, amma na daɗe ina sauraren gardamarsu a cikin kaina, domin tambaya ɗaya suke amsawa ta fuska biyu: idan rundunar maƙiya ta tunkaro ka, wa za ka fara kashewa?

Ni dai tawa amsar ta farko ita ce ta kowane sabon shiga. Wanda ya fi girma, wanda ya fi ban tsoro, shi nake tara wa mayaƙana. Ido ne ke zaɓar mini.

Ƙanena ne ya fara raba ni da wannan ɗabi'a. Wata rana ina da 'yan baka kusan ashirin, sai ga barade a kan dawakai sun taso mana, a bayansu kuma wasu tsofaffi biyu suna tafe da ƙyar, sufayen nan da wasan ke kira Monk. Na danna kan barden da ke gaba. Sai na ji shi a kunnena: "Yaya, don Allah rabu da dokin nan, ga ɗan tsohon can a baya!" Kafin in gane abin da yake nufi, biyu daga cikin baradensa da ya turo mini gudummawa sun canza launi, sun juyo suna saran mu. Aikin sufin ke nan a wannan wasa: yana warkar da nasu, yana kuma juyar da naka ya koma nasu. Daga baya na zauna na yi lissafi. Barde yana da jini 100 da sulken da ke rage biyu daga kowace kibiya, kibiyar ɗan baka na zamanin tsakiyar wasan kuma biyar take cirewa idan ba a ƙara mata komai ba. Wato uku-uku za ka riƙa cira, kibiya 34 kafin barde ɗaya ya faɗi. Sufi kuwa jininsa 30 ne, ba shi da sulke ko kaɗan, kibiya shida ta gama da shi. Da kiban da na zuba wa barde ɗaya, da na kashe sufayen biyu har da saura mai yawa. Ɗan hakin da ka raina, in ji masu magana.

Salon ƙanena ke nan a ko'ina. Shi abin da ke bayan runduna yake nema: mai warkarwa, majaujawar duwatsun da ke watsa taron 'yan baka da jifa ɗaya alhali jininta 50 ne kacal, kuma fiye da komai, manoma da masu saran itace da masu haƙar zinariya. Yakan bar sojojinka tsaye a bakin ƙofa suna jiran faɗa, ya zagaya da dawakai huɗu ya faɗa wa gonakinka. Kowane ma'aikaci daƙiƙa 25 yake ɗauka kafin ya fito daga cibiyar gari, don haka idan ya kashe maka takwas, ya mayar da kai baya da fiye da minti uku, banda abin da za su tara da suna raye. Ba za ka ji zafin ba a lokacin. Sai bayan minti biyar, idan ya dawo da barade ashirin kai kana da goma sha biyu, sannan ka san inda aka sare ka.

Ina zargin daga Clash of Clans ya samo wannan tunani, wasan wayar nan na kamfanin Supercell da ya fito a 2012, wanda ya yi shekaru yana bugawa kafin ya samu kwamfuta. A can da zarar ka sauke mayaƙi a fili, ya fita daga hannunka. Ƙattai za su nufi makaman tsaro, 'yan koren ɓarayin nan za su nufi rumbunan dukiya, kowa da abin da aka halicce shi ya bi. Duk zaɓinka kafin faɗa ne: ka duba gari, ka ga inda makaman kakkaɓo na sama suke, ka rusa su da tsawa, sannan ka saki dodanninka masu tashi sama. Wanda ya tashi a wannan makaranta yana shiga yaƙi da sunan wanda zai kashe a aljihunsa.

Abokin aikina kuwa wata duniyar ce daban. Shi ba ya shiga da suna. Kowane zagaye sabon lissafi yake yi, kuma ƙa'idarsa guda ce: maƙiyin da ya rage masa ɗigon jini ɗaya, harbinsa daidai yake da na mai cikakken jini. A XCOM 2, wanda Firaxis suka fitar a 2016, wasan karɓa-karɓa ne. Kai ka motsa sojojinka, huɗu ne a farko, sannan maƙiya su motsa nasu, kuma sojan da ya mutu ya tafi ke nan, da duk ƙwarewar da ka sha wahala ka tara masa. To idan maƙiya uku ne a gabanka, ka raba harbinka ka ji wa ukun rauni, bindiga uku za ta amsa maka. Idan ka tattara ka kashe biyu, ɗaya ce za ta amsa. Ka kashe maciji ba ka sare kansa ba, shi ne raunata maƙiyi a irin wannan wasa. Shi ya sa yake fara tambayar abin da ke da tabbas. Gurneti ba ya kuskure, kuma yana rusa abin da maƙiyi ya fake da shi, don haka shi ake fara jefawa, sannan masu harbin da allo ya nuna musu kashi saba'in ko tamanin, a ajiye soja ɗaya na ƙarshe don gyara idan wani ya kuskure.

Har da sunan wani Bature yake kafa mini hujja, Frederick Lanchester, injiniyan Ingila da ya wallafa lissafinsa na yaƙi a 1916. Abin da lissafin ke cewa, idan kowa na iya harbin kowa daga nesa, ƙarfin runduna yana tafiya ne da yawanta sau yawanta. Goma su kara da biyar masu ƙarfi iri ɗaya, ba biyar ne za su saura ba kamar yadda hankali ke fara kawowa. Ɗari ne a cire ashirin da biyar, saura 75, lambar da za a ninka da kanta ta ba da 75 kuwa ta haura takwas. Wato za a shafe biyar ɗin nan ƙaf, masu goma ba su rasa ko biyu cikakku ba. Duk bindigar da ka cire da wuri, ka cire duk harbin da za ta yi har ƙarshen faɗan. Na ce masa mu tuni aka gaya mana sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, ya ce to amma ba a ba ku lambar ba. Na bar masa wannan.

Inda na ga bambancinsu ƙarara shi ne kan wani maƙiyi na farkon XCOM 2 mai suna Sectoid. Dogo ne, mai manyan idanu, yana iya kame hankalin sojanka ya juya shi kanka, yana kuma iya tayar da gawa ta zama mayaƙinsa. Da na ba ƙanena labarinsa, ko numfashi bai ja ba ya ce ai wannan shi ne ɗan tsohon, shi za a fara da shi. A nan ya faɗi. Sectoid yana da jini fiye da ƙananan sojojin da ke rakiyarsa, kuma sau da yawa zagayensa na farko yana ƙarewa ne a tayar da gawa ko wasa da hankali, abubuwan da ke warwarewa da zarar ka kashe shi a zagaye na gaba. Gawar ta sake faɗuwa, sojanka ya dawo hayyacinsa. Amma ƙaramin sojan nan da ba wanda ke kallo, shi ba ya da wata dabara sai harbi, kuma harbi biyu masu kyau sun isa su kwantar maka da sabon soja har abada. Abokin aikina ƙananan yake fara sharewa, ya bar mai ban tsoron ya yi rawarsa. Ƙanena ya bi kamannin aikin, bai tambayi yaushe cutar za ta iso ba.

Akwai wani ƙaramin wasa da ya tura wannan tunani har ƙarshensa, Into the Breach na 2018. Fili ne mai gida takwas-takwas, injinan yaƙi uku a hannunka, kuma ƙwarin da kake yaƙa suna nuna maka ainihin inda za su buga kafin su buga. Aikinka kare gine-gine ne har zagayen su ƙare. Sau da yawa kisa ma ɓata motsi ne. Ka ture ƙwaro gida ɗaya, dukansa ya faɗa kan fili, ko ma kan ɗan uwansa. Wasan ya koya mini cewa abin da nake so in kawar shi ne dukan da ke tafe, ko mai dukan ya mutu ko ya rayu.

To amma ga inda nake rabuwa da abokin aikina, kuma a nan ne nake ganin ƙanena ya fi shi fahimtar abin. Lissafin nan mai kyau yana buƙatar lokaci, kuma wasan karɓa-karɓa ne kawai ke ba ka shi kyauta. Na taɓa ganin mutumin nan ya yi minti goma yana kallon allo kafin ya danna harbi ɗaya. Da na shigar da shi Age of Empires, sai ya zo da ɗabi'ar. Ya tara 'yan baka talatin, yana nuna musu maƙiyi ɗaya bayan ɗaya da linzami. Abu biyu suka same shi. Na farko, kiban wannan wasa tafiya suke yi a iska, don haka talatin za su tashi zuwa kan mutumin da shida sun ishe shi, sauran su tafi a banza, na baya kuma su bar harbi su kama tafiya don su kai ga wanda aka nuna musu. Na biyu, wanda ya fi muni, duk daƙiƙar da ya kashe yana zaɓen wanda za a harba, cibiyar garinsa na zaune ba ta fitar da ma'aikaci, zinariya ta taru ba a kashe ta ba. Ya ci faɗan da ke gabansa da tsafta, ya waiwayo ya tarar ba shi da abin da zai yi na gaba da shi.

A wasan da ba ya jiran kowa, hankalinka ma dukiya ce, kuma ita ce ta fi ƙaranci. Ko a StarCraft II, inda ƙwararrun Koriya ta Kudu ke danna maɓalli ɗaruruwa a minti ɗaya, ba kowane maƙiyi suke nunawa da hannu ba. Yawanci umarnin a tafi ana kai hari suke bayarwa, mayaƙa su zaɓi na kusa da kansu, su kuma su ajiye hannunsu don abu ɗaya ko biyu da za su iya juya faɗan: ƙwarin nan masu fashewa da ke narkar da taron sojojin ƙasa, ko jirgin da ke warkarwa ɗauke da mayaƙa a cikinsa. Abin da ƙanena ke yi ke nan ba tare da ya taɓa kallon gasar kowa ba. Ya nuna sufi, ya nuna majaujawa, ya bar sauran wa wasan, ya koma gona. Har ma ya san sufin da ya riga ya juyar da mutum sai ya huta kimanin minti ɗaya kafin ya sake, don haka wanda bai yi ba tukuna yake nema. Wannan kuwa lissafi ne irin na abokin aikina sak, sai dai shi tun kafin faɗa ya gama shi.

Watan jiya na haɗa su a wasa ɗaya karon farko, mu uku a ɓangare guda, ni ne tafinta. Can tsakiyar wasa abokin karawarmu mai riƙe da Farisa ya fito da giwayen yaƙi, kowace da jini 450, suna tafe a hankali kamar gini ya tashi. Abokin aikina ya fara ƙirga masu māsu nawa za su isa. Ni kuwa, bayan duk abin da na rubuta a sama, hannuna ya riga kaina, na tara duk 'yan bakana a kan giwar gaba ina zuba mata kibau tana tahowa abinta. Ban ma lura da sufaye uku da ƙanena ya lallaɓo da su ta gefen daji ba, sai da na ga giwar ta tsaya cak, ta canza zuwa launinsa, ta juya kan 'yan uwanta. Ya yi dariya har muryarsa ta sarƙe, sannan ya ce, "Yaya, ka rage mata jini da yawa fa. Da ka bar mini ita lafiya lau."