9 ga Nuwamba ba ita ce ranar haɗewar Jamus ba

Mutane da yawa sun ɗauka Jamus tana bikin haɗewarta ne a ranar 9 ga Nuwamba, tunda a ranar aka buɗe katangar Berlin a 1989. Ba haka ba ne. Ranar bikin ita ce 3 ga Oktoba, ranar da Jamus ta Gabas da ta Yamma suka zama ƙasa ɗaya a 1990.

Dalilin yana cikin nauyin da 9 ga Nuwamba take ɗauke da shi. A ranar ce aka shelanta jamhuriya a 1918, sarauta ta faɗi. A 1923 kuma Hitler ya yi yunƙurin juyin mulki a Munich, 'yan sanda suka tarwatsa shi.

Ta 1938 ce ta fi ɗaci. Cikin daren aka banka wa majami'un Yahudawa wuta, aka farfasa shagunansu, gari ya waye tituna cike da fasassun gilasai, aka kwashe Yahudawa maza kusan 30,000 zuwa sansanonin gwale-gwale. Wannan kuma ba gamon katar ba ne: shugabannin Nazi, jam'iyyar Hitler, sun taru a Munich suna tuna yunƙurin 1923, nan Goebbels, ministan farfagandar Hitler, ya yi jawabin da ya ingiza ta'asar.

Shi ya sa Jamusawa suka ƙi ɗora bikin haɗewar ƙasa a kan wannan rana, kuma a ganina sun kyauta. Har yau a Berlin, ran 9 ga Nuwamba, za ka ga mutum ya durƙusa a bakin titi yana goge ɗan allon tagulla mai ɗauke da sunan wanda 'yan Nazi suka kashe, ya kunna kyandir a gefensa.