Tallar zolaya: dariya dai ake, amma wa ake yi wa?

Duk wanda ya yi wayo a 2013 zai tuna tallar nan ta Saka. Hafiz Oyetoro, ɗan wasan barkwancin da ake kira Saka, wanda aka saba gani a tallar Etisalat, kwatsam sai ga shi da koren kaya kalar Etisalat, kafin ka ce kwabo kayan sun koma ruwan ɗorawa na MTN yana ta tiƙar rawa, daidai lokacin da hukumar sadarwa ta NCC ta ba da damar mutum ya canza layi ba tare da ya rasa lambarsa ba. Ba a kira sunan kowa ba amma kowa ya gane inda aka dosa, kuma har masu riƙe da layin Etisalat ɗin sun dara.

Ni a ganina abin ya shiga ne don tsokanar kamfani ce da kamfani, kamar wasan Fulani da Barebari, sa'anka ka tsokana, mu 'yan kallo babu abin da ya taɓa mu.

Matsalar ita ce wasu masu talla ba sa gane inda iyakar take. Samsung sun daɗe suna yi wa masu bin layin sayen iPhone shaƙiyanci, suna nuna su kamar wasu gaɓaye, to malam wannan da ka mayar wawa ai shi ne kostoman da kake nema, ta ya za ka kunyata mutum sannan ka ce ya miƙo kuɗinsa? Ƙara riƙe wayarsa zai yi ko don haushi. Ga kuma baki da ke kama mai shi. A 2020 da Apple ta cire caja daga kwalin iPhone 12, Samsung suka yi mata dariya a Facebook, 'yan watanni kaɗan suka goge abin a ɓoye suka fito da Galaxy S21 babu caja. Mutane kuwa sun riga sun ɗauki hoto sun ajiye.

Mafi muni shi ne a taɓa abin da mutum ke girmamawa. A Istar 2022 bankin Sterling ya kwatanta tashin Almasihu da kumburin burodin Agege, wai barkwanci. Kiristoci suka fusata, ƙungiyarsu ta CAN ta yi tir, dole bankin ya fito ba da haƙuri. Ka rasa mutum nawa tallar ta bi ta hannunsu a ofis, a ce ba a samu ko ɗaya da ya ce a dakata ba.