Alhaji Ya Hau Spitfire

Kuɗin haya Alhaji ya zo karɓa a shagon gem na Ɗan Boko da ke Badariya, sai ya tarar an yi cincirindo a kan kwamfuta guda, ga sandar tuƙi a tebur, ga feda biyu a ƙasa.

Alhaji: Kai, mi ake rabo nan?

Ɗan Boko: Jirgin yaƙi ne, Baba Alhaji, War Thunder. Wannan Spitfire ne, irin wanda Ingila ta tare Jamus da shi a 1940.

Alhaji: Tashi.

Ɗan Boko: Baba, a matakin gwanaye yake, sai an ɗan koya.

Alhaji: Ni za ka koya ma jirgi? Sau bakwai ina hawa, biyu ta Sakkwato, biyar ta Ambursa, kuma duk bakin taga nike zama.

Ya tattare babbar riga ya zauna. Ya danne birki, ya ba inji totur, wai sai ya ɗumama shi kamar yadda ake yi wa tsohuwar roka da asuba. Ya karanta addu'ar tafiya, ya gyara hula, ya amsa waya har biyu, ɗaya ma cinikin shinkafa ce. Allurar zafi tana ta hawa.

Bakanike: Alhaji, inji zai tafasa. Lagireton wannan a ƙarƙashin fiffike yake, sai jirgi na gudu iska ke sanyaya shi.

Alhaji: To a zuba mai fiya wata mana! Kuna tsaye kamar gumaka.

Aka sako sabon jirgi. Wannan karon ya tura totur har ƙarshe lokaci guda. Jirgi ya zabura, ya karkace hagu, ya bar titi, ya kutsa ciyawa, ya kafa hanci a ƙasa, wutsiya a sama kamar kaza mai tonon tsaba.

Alhaji: Sitiyarinka ya kwance, yaro.

Ɗan Boko: Lafiyarsa lau, Baba. Farfela ɗaya ce a hanci, inji mai ƙarfin doki sama da 1,000 yana juya ta gefe guda, dole jirgi ya nemi hagu. Sai ka riƙa taka fedar dama, totur kuma a hankali.

Alhaji: Jirgin da ya kai mu Jidda bai taɓa kwana ba sai da direba ya so.

Ɗan Kabu-kabu: Ai wancan babu farfela a hancinsa, Alhaji.

Alhaji: Kai da ka zubas da ni lambatu ranar Juma'a, har kana da bakin magana kan tuƙi?

Sau huɗu yana shiga ciyawar nan, wuri ɗaya, har yara suka sa mata suna Gonar Alhaji. A ƙarshe Ɗan Boko ya ɗaga jirgin da kansa ya miƙa masa sanda a sama, Alhaji kuma ya karɓa yana cewa dama abin da ya dace ke nan, babba ba ya fitar da mota daga gareji.

Sai ga jirgin Jamus, Messerschmitt 109, ya gitta ya sunkuya ƙasa. Alhaji ya tura sanda gaba zai bi shi. Inji ya yi tari, ya shaƙe, ɗan Jamus ya ɓace.

Alhaji: Awo! Na sani! Wane gidan mai kuka sha? Wanga mai an yi mai algus.

Bakanike (har da tashi tsaye, abin ya zo gidansa): Wallahi kafireta ce! Mai fulot ce irin ta babur. In ka dulmiya hanci farat ɗaya, mai ya yi sama a cikin kwano, inji ya rasa abin sha. Na Jamus kuwa injekta ne, ko a kife yake yana sha.

Ɗan Boko: Haka ne. Shi ya sa direbobin Ingila sai sun mirgina jirgi rigingine tukuna su gangara. Sai a 1941 wata injiniya, Beatrice Shilling, ta sa wani ɗan ƙarfe mai huda kamar washar noti a hanyar mai, abin ya yi sauƙi.

Alhaji: Washa guda? Ka ji ko, Bakanike? Kai da an kawo ma mota tana tari sai ka ce a sauke inji.

Ɗan Jamus ya sake ɓullowa, can nesa kamar ƙuda. Alhaji ya maƙale kunama, yana kabbara, yana ɓarin wuta a kan gajimare. Can sai ƙas, ƙas, shiru.

Ɗan Boko: Harsashi ya ƙare, Baba. Bindiga takwas ce, kowace da 300, daƙiƙa kamar 15 ke nan in ka riƙe.

Alhaji: Daƙiƙa goma sha biyar? An sace! Wa ke riƙe da makullin sito? Ashe har cikin kwamfuta sai a tura yaro daji da harsashin da bai kai ba, wanda ya zo kashe shi kuwa nashi ba ya ƙarewa.

Nan dai dariyar ta ɗan tsaya, don a cikin yaran akwai wanda yayansa ke bakin daga. Alhaji da kansa ya yi gyaran murya, ya fizgo sanda baya da ƙarfin tsiya. Allo ya yi duhu.

Alhaji: To, sun ɗauke.

Ɗan Boko: Ba wuta ba ce, direba ne ya suma. Kwanar ta yi tsanani, jini ya sauka daga kai zuwa ƙafa.

Alhaji: Ƙarya ta ƙare! Ni jinina hawa shikai, likita ya hwaɗi. Ban taɓa jin mai saukar jini ba.

Kafin ido ya washe jirgi ya rasa gudu, ya faɗa juyi kamar ganyen darbejiya, ya dira a teku. Alhaji ya ce gem ɗin jabu ne, wanda ya haɗa shi ko filin jirgi bai taɓa rakiya ba. Ɗan Boko, da ya tuna watansa biyu bai biya haya ba, ya lallaɓa ya mayar da shi matakin yara, inda jirgi ke farawa a sama, kwamfuta na riƙe maka shi kada ya kife, harsashi kuma in ya ƙare ya dawo da kansa.

Alhaji: Yauwa! Ga jirgin gaskiya. Haka na Jidda yake, sak. Dama ɓoye shi ka yi?

Ya saita wani jirgi, ya ciji leɓe, sai allo ya sake yin duhu.

Alhaji: Na suma kuma?

Ɗan Kabu-kabu: A'a Alhaji, wannan karon sun ɗauke.

Alhaji: Ta da janareta!

Ɗan Boko: Babu mai, Baba. Kuɗin man ne na tara maka na haya.

Alhaji ya dubi kuɗin, ya dubi allo, ya karɓe ya soke a aljihu.

Alhaji: Ku shaida, bakwai na kakkaɓo.

Bakanike: Alhaji, ko ɗaya...

Alhaji: Bakwai, daidai da hajjina. Gobe bayan La'asar ina nan tahe. Kada wanda ya taɓa min jirgi, kuma a duba min wagga kafireta.