Ku Daina Sayar Mana da Mari da Sunan Soyayya

Ƙannena masu rubuta labaran soyayyar jami'a, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Makon nan wani sabon littafi ke ta yawo a wayoyi, ana tallarsa da cewa labari ne mai sa nishaɗi, na abokan hamayya biyu da suka ƙare da son juna. Babi na 2 bai ƙare ba jarumin ya sharara wa yarinyar mari a ƙofar ɗakin lakca, ya kira ta matsiyaciya, 'yan aji suna shewa. Masu karatu kuma sai yabo suke zubawa. Haba! Yaushe cin mutunci ya koma hamayya?

Hamayya tana buƙatar abu guda da mutum biyu ke nema, wanda ɗaya kaɗai zai samu: zama na farko a sashe, kujerar shugabancin ƙungiyar ɗalibai, ko gurbin tallafin karatu guda ɗaya tak. Kuma sai ƙarfinsu ya zo ɗaya. Ta fi shi maki a gwajin farko, ya kayar da ita a muhawara, ta riga shi ɗauke littafi ɗaya da ya rage a laburare ana saura kwana 3 jarrabawa. Daga nan dariyar take fitowa, domin kowa na iya ramawa. Amma in shi ɗan mai kuɗi ne da mota, ita kuma kuka kawai ta iya, wa zai yi dariya?

A littafi mai babi 40, goman farko na gasa ne. Wajen babi na 10 sai malami ya haɗa su aikin rukuni, ba damar guje wa juna. A tsakiya, kusan babi na 20, ɗaya ya ga raunin ɗaya ya rufa masa asiri: ya tarar da ita tana gyangyaɗi kan takardunta saboda aikin dare da take yi don biyan kuɗin makaranta, ya ajiye mata kwafin darasin da ta rasa, bai ce uffan ba. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Ku kuwa sai ku kwashe babi 35 ana zagi, ana watsa mata ruwa, ana yaɗa hotonta, sannan dare ɗaya ya kasa barci wai so ya kama shi. Hali zanen dutse ne. Wanda ya ɗaga hannu a babi na 2, me zai hana shi ɗagawa bayan aure? 'Yan mata masu shekara 15 suna karanta wannan, suna ɗauka haka so yake farawa, kuma abin da ya fi ƙona min rai ke nan.

Ga kuma rashin sanin jami'ar kanta. Ɗalibin shekarar farko yana kare kundin kammala digiri, zango ya wuce ba lakca ba gwaji, sai sutura da motoci. Kada ma a zo batun masu kwaso labari daga Wattpad, dandalin karanta labarai a intanet, su sauya sunaye su ce nasu ne, ko masu haɗe kalmomi yadda suka ga dama saboda saurin sakin shafi kullum.

Don Allah ku natsu, ku ji tsoron Allah a kan alƙalaminku. Marubutan da muka taso muka tarar sukan yi shekara kan labari ɗaya, su ba na gaba da su ya duba, ya soke babi sukutum, su karɓa da godiya. Jarumansu kan yi sa-in-sa mai zafi a shafi uku ba tare da zagi ɗaya ba, mai karatu na murmushi. Yanzu ka yi wa yaro gyara a babi ɗaya, kafin dare ya toshe lambarka.