Takardar gwanjo ba ta mai da sabon zobe tsoho

Wani sabon yayi ya shigo wa masu hali a Abuja: sayen kayan ado na zamanin da ta gwanjon intanet. Sai mutum ya zaro zobe ko 'yan kunne a falonsa na Maitama, ya ce na Rumawa ne, ko na Masar tun zamanin Fir'auna, ya miƙo maka takarda mai hatimi wai ita ce shaida. A ganina, iyakar abin da takardar nan ke tabbatarwa shi ne mai sayarwa yana da injin buga takardu.

Zinare ba ya faɗin shekarunsa. Gwajin kabon da ake yi wa ƙashi da gawayi ba ya ci a kansa. Abin da ɗakin gwaji ya iya shi ne kama ƙarya. In aka haska zobe da na'urar karanta sinadaran ƙarfe aka ga kadmiyam a maliƙarsa, wato ƙarfen da aka liƙa sassansa da shi, zance ya ƙare, domin sai a 1817 aka gano wannan sinadarin. In kuwa ba a gani ba, har yanzu da sauran rina a kaba, don mai wayo yana iya narka tsohon kuɗin zinare ya ƙera sabon abu da shi.

Shi ya sa masana suka fi dogara da sawun hannun maƙeri. Maƙeran Girka da Rum ba sa jan waya ta rami. Yanka siririn zinare suke yi su murɗa, kuma madubin ƙara girma yana nuna layin murɗin yana zagaye wayar. Wadda aka ja ta rami, layukanta miƙaƙƙu ne. Haka tsakiyar dutse irin wadda ake shiryawa a zare don ado: ta da, galibi daga ɓangarori biyu ake huda ta, ramukan su haɗu a ciki ba cif-cif ba, bakin ramin kuma ya side saboda gogar zare. Ta inji ramin ɗaya ne, tas, bakinsa da kaifi.

Duk da haka, har ƙwararru ana yi musu sakiyar da ba ruwa. A 1896 gidan tarihi na Louvre da ke Faransa ya biya faran 200,000 kan wani kambun zinare da aka ce na wani sarkin da ne, Saitaphernes. A 1903 ta bayyana cewa wani maƙerin Odesa, Israel Rouchomovsky, shi ya ƙera shi, kuma a lokacin yana nan da ransa. In har an yaudari Louvre, ina ga Alhajin da ke duba hoto a waya da tsakar dare?

Mutanen Jos sun san wannan wasan tun a kan gumakan Nok, waɗanda gidan tarihin garin ke adanawa tun buɗe shi a 1952. Ana harhaɗa tsofaffin gutsattsarin gumakan yumɓu a yi sabon gunki, in aka ɗebi samfur daga tsohon ɓangaren gwaji ya ce tsoho ne.

Tambayar da ta fi kowane gwaji ita ce: a hannun wa abin nan yake kafin 1970, shekarar yarjejeniyar UNESCO kan fataucin kayan tarihi? A nuna rasit, ko hoto, ko littafin wani tsohon gwanjo. Jimlar nan ta "daga taskar wani dattijo a Turai", ba suna ba shekara, ba amsa ba ce.

In kuma an ce kayan daga ƙasar nan aka tono su, irin zinaren da aka samu a kaburburan Durɓi ta Kusheyi a Katsina, to matsalar ta sauya. Dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta hana cinikin irinsu da fitar da su ba da izini ba. Mai saye ko dai jabu ya riƙe, ko kayan da hukuma ke da ikon tuhumarsa a kansu.